Tsoron Bakin Mutane: Abin da Fagge da Sabon Gari Suka Gani

 Abin da mu ke so mu ɗauko yau shi ne wata 'yar magana wadda ta fi hakimi iko a cikin gidajenmu, ta fi alƙali saurin yanke hukunci, alhali kuwa ba ta da dogari ko ɗaya. Maganar nan ita ce, "Me mutane za su ce?" Saboda ita mutum ya kan ci bashin da ba shi da hanyar biya. Saboda ita a kan ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so, mai ilmi kuma ya ga gaskiya ƙuru-ƙuru ya kau da kai. In ka tsare mai faɗinta ka ce ya lissafa maka mutanen nan da sunayensu, da ƙyar ya kai biyar, cikin biyar ɗin kuwa babu wanda zai taya shi biyan bashin.

To, wa'azi kurum ba ya shiga kunne kamar labari. Saboda haka za mu ba da labarin waɗansu mutane da suka taka ƙasar Fagge da Sabon Gari a Kano, aka sa su a gaba da tsegumi da zagi da ɗauri, suka zaɓi abin da zuciyarsu ta tabbatar musu gaskiya ne, suka bar yabon jama'a. Sa'an nan mu auna kanmu da su.

Wanda bai san Kano ba ya sani Birni yana cikin ganuwa. In ka fito ta Ƙofar Mata ko ta Ƙofar Wambai, ka shiga Waje ke nan, Fagge ce kuwa za ta fara tarbarka. Fagge tsohon zango ne tun kafin zuwan Turawa, nan ayarin raƙuma na Buzaye su kan sauka da gishiri da dabino daga wajen Azbin, su sayi hatsi da turkuɗi su koma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai baƙi suka yi ta kwararowa. A 1913 Turawa suka yanka filin Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa na Kudu, Yarbawa da Ibo da Nufawa, har da mutanen Gwalkwas da Saliyo. Kwara kuma suka kafa kantunansu a Fagge ta Kudu. Fagge kanta ta cika da Hausawa 'yan ci-rani da teloli da direbobi da dillalai, waɗanda suka baro garuruwansu neman abinci.

Ga inda bambancin ya ke. A cikin Birni ba a tambayar mutum ko shi wane ne, sai dai a ce ɗan gidan wane ne. Wannan kuwa yana da amfani mai yawa, gama shi ya ke riƙe zumunci, shi ya ke hana yaro lalacewa, tun da ya san ko'ina ya juya akwai idon da ya san ubansa. Amma idon nan da ya ke tsare mutum daga ɓarna, shi ne kuma ya kan daƙile shi sa'ad da ya kamata ya buɗe baki. A Waje kuwa sana'arka a ke tambaya. Tela ba ya cin albashin En'e, direba ba ya jiran a naɗa shi dagaci, saboda haka harshensu ya fi sakewa. Ga kuma jaridar Comet ta Dakta Azikiwe, wadda aka dawo da ita Kano a 1949, ana buga ta a Waje, tana da shafin Hausa, samari suna karantawa suna gardama a bakin shaguna.

Sai mai karatu ya tuna yadda zaman ya ke a lokacin. En'e ita ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari, alƙalai kuma a ƙarƙashinta su ke. Talaka in ya hango hakimi sai ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa. Haraji da jangali da aikin tilas suna kansa, in an zalunce shi wajen karɓa, wanda zai kai wa ƙara sau da yawa ɗan'uwan wanda ya zalunce shi ne. Kowa ya san haka, ana faɗinsa a zaure da murya ƙasa-ƙasa. Abin da ya hana a faɗe shi a sarari tsoron ɗauri ne, amma har da wani tsoro wanda ya fi shi kama zuciya, watau kada a ce wane ba shi da kunya, ya zubar da mutuncin gidansu.

Ran 8 ga watan Agusta 1950 waɗansu mutum takwas suka taru a Sabon Gari suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda aka fi sani da kirarinta na Sawaba, alamarta kuwa tauraro. Cikinsu akwai Abba Maikwaru na Fagge, da Bello Ijumu mutumin Lardin Kabba, da Magaji Ɗambatta wanda ya yi aikin jarida a Comet, da Mudi Sipikin mawaƙi. Ba su da sarauta, ba su da dukiyar a zo a gani. A watan Oktoba na shekarar nan suka fitar da takardar manufarsu, inda suka bayyana cewa wahalar talakawa ta samo tushe daga yadda 'yan gidaje kaɗan suka riƙe mulkin En'e, kuma nufinsu shi ne a gyara wannan tsari har talaka ya sami bakin magana. Abin da a ke raɗa a zaure, ga shi an rubuta an sa hannu.

Malam Aminu Kano ba ya cikin takwas ɗin, domin a lokacin yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. Amma labarinsa shi ya fi dacewa da maganarmu, gama shi ne wanda ya ke da abin hasara. An haife shi a 1920 a cikin Birni, a zuriyar Genawa, gidan malamai da alƙalai, mahaifinsa Malam Yusufu kuwa ma'aikacin shari'a ne na Kano. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, a 1946 kuma aka aika shi Landan ƙaro ilmin koyarwa. A zamanin da masu irin wannan ilmi a Jihar Arewa ba su da yawa, mutum kamarsa ba ya bukatar komai sai ya yi shiru ya bi layi, girma ya zo ya same shi har gida. Kafin shekarar 1950 ta ƙare ya ajiye aikin Gwamnati ya komo Kano ya shiga cikin teloli da 'yan ƙwadago, a 1953 kuwa ya zama shugaban jam'iyyar.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo da tafi da guɗa. A zaɓen 1951 'yan Sawaba sun yi rinjaye a wurare da dama a matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, an kuma ba En'e izni ta ƙara mutanenta a matakin ƙarshe, saboda haka ko mutum ɗaya nasu bai shiga Majalisar Kaduna ba. Aka yi ta gurfanar da su gaban alƙalai bisa laifin taro ba izni ko zagin sarakuna, waɗansu aka yi musu bulala, waɗansu aka ɗaure. A 1953 wata ƙungiya ta fito a Kano wadda a ke kira Jam'iyyar Mahaukata, aikinta dukan 'yan Sawaba. Abin da ya fi duka ciwo kuwa shi ne na cikin gida. Aka ce da su marasa kunya, 'yan iska, waɗanda ba su gaji arziki ba. Akwai wanda dangi suka ƙaurace masa, akwai wanda aka hana shi aure saboda tauraron da ya ke bi. Malam Aminu kansa bai sami shiga Majalisar Wakilai ta Ikko ba sai a zaɓen 1959, shekara tara bayan ya bar albashinsa, a zaɓen 1964 kuma kujerar ta kuɓuce masa.

In an ce namiji ya sha wuya a wannan hanya, to, mace fa? Hajiya Gambo Sawaba an haife ta a 1933, ta tashi a Zariya, mahaifinta mutumin Gwalkwas ne, mahaifiyarta Banufiya. Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga NEPU, ta zama shugabar mata. A farkon shekarun 1950 ta zo Kano tana shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa da ilmin 'ya'ya mata da illar aurar da yarinya tun ba ta isa ba. Aka kama ta aka kai ta gaban alƙali aka ɗaure, daga baya aka kore ta daga ƙasar Kano. Masu lissafi sun ce sau 16 ta shiga gidan yari a rayuwarta. Sunayen da aka kira ta da su kuwa ba su faɗuwa a wannan fili, kowa ya san abin da bakin gari ya kan ce da macen da ta hau dandamali a gaban maza. Da ta tsaya sauraron me mutane za su ce, da ko ƙofar gida ba ta fita ba. Abin da ta ke nema bai samu da wuri ba. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, matan Arewa kuwa sai a 1976 suka fara a zaɓen ƙananan hukumomi, sa'an nan a zaɓen ƙasa na 1979. Ta rayu ta ga wannan da idonta kafin ta rasu a watan Oktoba 2001.

Yanzu duba yadda bakin mutane ya ke juyawa. Malam Aminu ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya a zamanin Janar Gowon, na sadarwa da farko sa'an nan na lafiya, ya kafa PRP a 1978, jam'iyyar ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979, duk da haka ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja bai tara dukiya ba. Yau filin jirgin saman da ke arewa da Sabon Gari sunansa ya ke ɗauke da shi, haka babban asibitin koyarwa na Kano, gidansa kuma, Gidan Mambayya, ya zama wurin nazari a hannun Jami'ar Bayero. A Zariya akwai babban asibiti da sunan Gambo Sawaba. Garin da ya kira su marasa kunya shi ne ya ke alfahari da su, har mai neman ƙuri'a a Kano ba ya gama jawabi bai ambaci Malam ba. Amma kada a ce sun yi abin da suka yi domin a sa wa asibiti sunansu. Cikin mabiyansu akwai ɗaruruwa, teloli da mahauta da 'yan koli na Fagge da ƙauyuka, waɗanda suka sha bulala iri ɗaya, suka mutu ba wanda ya rubuta sunansu ko a bangon shago. Waɗannan ba su sami yabo ba ko a farko ko a ƙarshe. Abin da suka samu shi ne sun kwanta barci ba su yi wa kansu ƙarya ba.

A nan wajibi ne mu yi adalci, domin kada maganarmu ta zama ta jam'iyya. Ba mu ce duk wanda ya bi Sawaba mai gaskiya ne, wanda ya bi Salama mai neman yabo ne ba. A cikin jam'iyyar Sardauna akwai mutanen da suka tabbata a zuciyarsu cewa Arewa ba za ta tsaya da ƙafarta a gaban Kudu ba sai ta riƙe sarakunanta ta yi gyara sannu-sannu, suka yi aiki bisa wannan da zuciya ɗaya. Alhaji Maitama Sule ya fara da 'yan Sawaba, daga baya ya koma NPC, ya zama minista a 1959, Kano kuwa ba ta daina ganin girmansa ba har ya rasu a 2017. Haka nan a cikin 'yan Sawaba ba a rasa wanda ya shiga domin a ce da shi jarumi a bakin kasuwa. Wannan shi ma bawan bakin mutane ne, sai dai ya sake iyayengiji. Ma'aunin shi ne mutum ya tambayi kansa, da babu mai kallo, da babu mai tafi, wannan hanyar zan bi?

Wani zai ce, ashe kuna koya wa yara rashin kunya ke nan? A'a. Wani Bature mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aikin Di'o a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya bi maganganun Hausawa ya tattara halaye goma da su ke cewa sai da su mutum ya ke zama mutumin kirki, aka buga a 1974. Kunya tana ciki, da ladabi, da haƙuri, da mutunci, amma gaskiya ya fara ambata, amana tana biye da ita. Hausawa ba su taɓa ɗaukar kunya da gaskiya abokan gaba ba. Kunya ita ce ta ke hana ka aikata abin da kai kanka ka san mummuna ne, ko da a cikin duhu. Tsoron baki kuwa shi ya ke hana ka aikata abin da ka san daidai ne, don kawai a cikin haske ka ke. Yaron da ya ɗaga wa ubansa murya ya ce shi mai gaskiya ne, bai fahimci komai ba. Wanda ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni, wannan abu ba zan iya sa hannu a cikinsa ba, ga kuwa dalilina," shi ya haɗa ladabi da gaskiya wuri ɗaya, nasa kuwa ya fi wuya.

To, mu komo kanmu. En'e ta tafi, ba mai tuɓe takalmi don tsoron ɗan doka, amma maganar nan da muka fara da ita tana nan da ƙarfinta, har ta ƙaru. Je ka Kantin Kwari a Fagge lokacin da bukukuwa suka kankama, ka ga yadda a ke ɗibar atamfa da leshi da shadda. Ciniki alheri ne, ba mu hana kowa ado ba. Amma tambayi dillalai da teloli, su za su gaya maka nawa ne cikin kayan nan aka ɗauka bashi. Uwa ta kwashe adashin shekara ta sayi anko na biki guda, don kada a ce ba ta fito ba. Saurayi mai ƙaramin albashi ya jera akwatunan lefe, rabinsu da kuɗin aro, domin 'yan ganin lefe su yi guɗa na yini ɗaya, shi kuwa ya shekara biyu yana ɓuya wa masu bin bashi. Uba ya sayar da gonar gado ya shiga kasuwar Sabon Gari ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki irin na 'yar attajirin unguwa. Sadaki da shi a ke ɗaura aure, ba shi ke karya mutane ba, abin da aka ɗora a kansa don ganin ido shi ke karya su. Nawa ne samari da 'yan mata suka tsufa a gida saboda wannan? Aure nawa ne ya mutu tun gara ba ta ƙare ba, saboda an gina shi a kan bashi? Hausawa sun riga sun faɗa, wanda ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa.

A da idon unguwa kaɗai mutum ya ke tsoro, in ya fita ƙofar gari ya huta. Yanzu idon yana cikin aljihunsa. Wayar hannu ta sa yarinya a Fagge tana auna ɗakinta da ɗakin wata a Dubai wadda ba ta taɓa gani ba, saurayi ya jingina da motar da ba tasa ba a ɗauke shi hoto ya sa a Facebook ko TikTok, ya kwana yana ƙirga waɗanda suka yaba. Masu yabon nan kuwa yatsa kurum suka taɓa suka wuce, kafin gari ya waye sun manta da shi. Mutanen 1950 sun tsaya a gaban alƙali da bulala ba su janye ba, mu kuwa sai mu sake tufafi da magana da ra'ayi saboda mutanen da ko sallama ba su taɓa yi mana ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da mu ke roƙon mai karatu ba mai yawa ba ne, ba mu ce ya hau dandamali ko ya shiga gidan yari ba. In wani al'amari ya taso, na biki ko na sana'a ko na ra'ayi, ya ji maganar nan ta motsa a ƙirjinsa, to, ya dakata ya rarrabe mutanen. Akwai waɗanda su ke da hakki a kansa, iyaye da iyali da malaminsa da amininsa na gaskiya, waɗanda in ya faɗi su za su ɗaga shi. Waɗannan ya saurare su da kyau, ko maganarsu ta yi ɗaci, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, su kuwa 'yan ɗakin ne. Sauran 'yan kallo ne, in ya yi za su yi magana, in bai yi ba za su yi, jibi kuma su koma kan wani. Tela da ya ƙi karɓar ɗinkin Salla fiye da ƙarfinsa ya faɗa wa mai kaya gaskiya tun da wuri, da uban da ya ce zai aurar da 'yarsa daidai ƙarfinsa, da ɗalibin da ya zaɓi sana'ar hannu da ya iya ya bar karatun da a ke so ya yi don suna, duk a hanyar mutanen nan su ke, ko da ba a san su ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, na Sawaba da na Salama baki ɗaya, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi. Sai wani mako in muna da rai. Haza wassalam.